Wake Takwas, Kwana Bakwai

Ni ban iya lissafin waya ba. Da wake nake lissafina, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai sau ɗaya, shi ma ba laifin waken ba ne.

Saura wata guda bikin Zuwena, ita kaɗai Allah ya ba ni, ina tsakiyar suyar waina a ƙofar gidanmu a Mbagala, ta zo da gudu ta tura min waya har kan hanci.

"Mama duba! Duba ruwan nan don Allah!"

"Ke matsa, za ki jefa min waya a mai."

"Zanzibar ce fa. Can za mu yi kwanakinmu bakwai, ni da Selemani."

Na leƙa. Ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, yashi fari kamar garin shinkafa. Na ce to, Allah ya nuna mana. Mu a zamaninmu fungate a ɗaka ake yi, kwana bakwai amarya da ango ba kasuwa ba aiki, uwar amarya na turo musu abinci safe da rana. 'Ya'yan yanzu sun kai shi bakin teku. Ban damu ba. Ɗaki ɗaki ne, ko a ina yake.

Bayan la'asar Selemani ya zo. Malamin makaranta ne, mutumin Kondoa, can cikin duwatsu. Siriri ne kamar muciya, ga kunya, in ya gaishe ni sai na ji kamar ni ce zan ba shi haƙuri. Ya zauna a bakin tabarma, kai a ƙasa.

"Nawa ke hannunku?" na ce.

"Dubu ɗari takwas, Mama."

Na ɗauko tire, na ƙirgo wake tamanin, kowace ƙwaya shilin dubu goma. Na ce Zuwena ta karanto.

"Jirgin ruwa da mota, zuwa da dawowa, dubu ɗari da sittin."

Na ware sha shida.

"Ɗaki, dubu tamanin kowane kwana. Abinci, mu biyu, dubu saba'in a rana."

"Nawa?"

"Saba'in, Mama."

"Raƙumi za su dinga yanka muku?"

Selemani ya yi tari don kar ya yi dariya. Na jera waken tuli-tuli, ɗaki da abinci, sha biyar-sha biyar. Tuli huɗu suka fito. Sauran ƙwaya huɗu suna ta gangara a tire ba su da gida.

Zuwena ta ɗaga kafaɗa. "To ai kwana huɗun ma ya isa, Mama. Wa ke ƙirgawa yanzu?"

Ni ke ƙirgawa. Nawa kwana uku aka yi. Ran na uku da hantsi mai mota ya aiko wai baban Zuwena, Allah ya jiƙansa, ya zo ya ja kaya zuwa Zambiya, in bai zo ba a ba wani. Ya tafi lalle bai gama bushewa a ƙafata ba. Shinkafar da uwata ta tanada ta sauran kwana huɗu maƙwabta suka cinye. Ban ce wani abu ya same mu saboda haka ba, astagfirullah, komai na Allah ne, mun zauna lafiya har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma shekara ashirin da shida, duk bikin da na je na ga ana fito da amarya ran na bakwai, sai na tuna nawa kwana ukun.

Na sa hannu na rushe tulin duka. Na sake jerawa, takwas-takwas, ɗaki kawai. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Ƙwaya takwas suka rage. Na kwashe su na ƙulle a bakin zanina.

"Waɗannan nawa ne. Kwana bakwai za ku yi cif."

"Abinci kuma fa?"

"Ina raye wani ƙato mai farar hula zai ciyar da ku? Ni zan dafa."

"Daga Mbagala?"

"Wa ya ce miki Mbagala zan zauna?"

Zuwena ta dafe kai. "Mama! Amarci za mu je, ba kitso ba!"

Na ce ta kwantar da hankalinta. Mwatima, 'yar kawuna, abokiyar wasata, can take aure, a ƙauyen da masaukinsu yake, tana noman ciyawar teku. Gidanta zan sauka. Ba za su gan ni ba, ba zan gan su ba, su kashe waya, kar wanda ya kira ni. Tire kawai zai dinga zuwa yana dawowa. Kuɗin jirgina kuwa kwasar adashina ce watan nan, ba ruwansu. Wake ɗaya a rana, ɗaya na ko-ta-kwana. Mutum biyu, ɗaya ma muciya ne, dubu goma a rana ai har da canji.

Selemani ya ce, "Allah ya saka da alheri, Mama." Da na san abin da yaron nan zai yi min da tun a ranar na ƙara wake.

Aka yi biki, aka tashi lafiya. Washegari na riga su, na hau jirgin farko da tukwanena biyu, da tanda, da kujerar goga kwakwa, da tire. Shekara hamsin ina kwana ina tashi kusa da teku ban taɓa hawa kansa ba. Da farko ina ta washe baki ina kallon ruwa. Da muka yi nisa jirgin ya fara tsalle kamar akuya, na fara karanto duk surar da na sani, na ƙare na sake daga farko, na roƙi gafarar mutanen da na manta ma na saɓa musu. Wata mata kusa da ni ta miƙo min leda. Allah ya saka mata.

Amma da na sauka, wayyo! Iska kanta ƙamshin kanumfari take. Mwatima na jira na a bakin hanya, ta ƙara faɗi, ta ga kayana ta fashe da dariya.

"Ke, amarcin 'yarki kika zo ko gudun hijira?"

"Karɓi tukunya, sarkin surutu. Har yanzu bakin nan bai tsufa ba?"

"Ke ce dai kika tsufa, ji fuskarki kamar ɗanyar gwanda."

Bayan gidanta teku ne. Da rana sai ya kwashe kayansa ya tafi can nesa, ya bar fili, mata su shiga da igiyoyinsu su ɗaure ciyawa, da yamma ya dawo kamar ya tuna ya yi mantuwa. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai. Mwatima ta ce in ban rufe baki ba ƙaguwa za ta shige.

Rana ta ɗaya. Na yi sallar asuba, na ce bismillah, na kwance wake ɗaya na jefa wa kajin Mwatima, na ba ta dubu goma ta sayo kifi da kwakwa da shinkafa da gawayi. Da safe waina da shayi mai citta. Da rana shinkafar kwakwa da kifi a miyar tsamiya, wadda za ta kai su har dare. Mwatima ta ɗora tire a ka, ta kai ƙofar masaukin da suka sauka, na Baba Pandu, ta ba mai gadi. Ita ma ba ta shiga, haka muka yi.

Da yamma ta dawo da tire. Na buɗe murfi.

Babu komai. Ko ƙwayar shinkafa. An wanke shi tas, har ina ganin fuskata a ciki.

Mu nan bakin teku, in ka ci abincin mutum ka ƙoshi, sai ka bar ɗan kaɗan a gefen tire. Ragowar nan ita ce godiyar, ita ke cewa kin cika ni har na kasa. Tire ya dawo a suɗe kuwa, an ce da ke yunwa kika aiko.

"Mwatima, bai ishe su ba."

"Haba, abin da kika zuba ai mutum huɗu sai su yi gyatsa."

"To ina ragowar?"

Ta leƙa tiren, ta leƙa ni, ta kashe ido ɗaya. "Amarci fa ba ƙaramin aiki ba ne, 'yar'uwa. Ko kin manta? Au, na tuna, ke uku kika yi."

Na bi ta da ludayi har bakin rijiya.

Rana ta biyu na kwance wake biyu. Na ce na ko-ta-kwana ai don irin wannan aka ajiye shi. Na ninka komai. Pilau na yi, dafa-dukar shinkafa da kirfa da masoro da kanumfari, na sa kaza guda. Maƙwabtan Mwatima suka dinga leƙowa ta katanga suna tambayar wa ya haihu.

Tire ya dawo. Wanke tas.

"Innalillahi," na ce. "Muciyar nan ina yake zuba shi?"

"Ki bincika dai, ko tsutsar ciki gare shi. Mutanen dutse fa, an ce har da kwano suke haɗiyewa."

"Ki bar zagin surukina."

"Ni na ce ya cinye kaza da ƙashinta?"

Da gaske ko ƙashi bai dawo ba.

Rana ta uku, wake biyu kuma, sai da na yi ciniki da masunci har ya ce in yi wa Allah in tafi. Ina gogar kwakwa ina lissafi a raina. Biyar sun tafi, saura uku, kwana huɗu a gaba. Na ce yau dai dole su ƙoshi, daga nan sai in koma rabi-rabi, Allah zai rufa asiri. Mwatima ta ɗauki tiren tana nishi, ta ce wuyanta ya shige ciki da rabin taƙi kuma ni zan biya.

Ya dawo wanke, har an goge shi da tsumma.

To a nan ne hankalina ya gudu, ba zan ɓoye ba. Na ga 'yata a ɗakin baƙi, cikin baƙin mutane, tana lashe tire, tana jin kunyar cewa uwarta ta gaza. Rana ta huɗu na kwance ukun da suka rage gaba ɗaya. Kajin Mwatima har sun san ni, ina taɓa bakin zani suke rugowa. Muka aro babban tiren da ƙauyen ke fitarwa ran maulidi. Shinkafa kamar tudu, kifi uku manya, waina arba'in, ayaba a madarar kwakwa. Mata biyu suka ɗauka, Mwatima na gaba tana ba da hanya kamar ana kai gara.

Na ce, "Wannan in suka cinye shi, to ba mutane ba ne."

Kafin magariba ya dawo. Ban ma buɗe ba, daga yadda mace ɗaya ta riƙo shi da hannu ɗaya tana kaɗawa na gane.

Ran na biyar bayan asuba na zauna a kan sallaya na kwance bakin zani. Babu komai sai zanen ƙulli. Ɗakin nan kullum ake biyansa. In suka fara sayen abincin masauki, kuɗin ɗaki za su ci, gobe ko jibi sai jirgi. Ni da bakina na ce bakwai cif. Ni kuma da hannuna na ƙone kwana uku a murhu.

Na ce ya Allah, kai ka san ban yi don fahariya ba. To, ɗan kaɗan dai.

Na kakkaɓe buhun shinkafa, na jiƙa, na niƙa, ta ba ni waina goma sha biyu. Na ce da Mwatima yau ni zan kai.

"Ke da kika kafa doka?"

"Ni na kafa, ni zan karya. Sai na ga bakin da ke cinye min wake."

Na ja mayafi na rufe fuska, na miƙa wa mai gadi tire. Ko kallona bai yi ba, ya juya da sauri har ya bar ƙofa a buɗe. Na bi shi a hankali, na laɓe bayan wata bishiyar kwakwa.

Jama'a! Ƙarƙashin rumfa an haɗa tebur uku. Ga masu shara biyu. Ga masunta uku da ragarsu a gefe. Ga wani dattijo mai farin gemu a kan kujera ta tsakiya, shi ne Baba Pandu mai masaukin. Ga Turawa biyu, mata da miji, rana ta gasa su sun yi ja kamar jatan lande. Har da kuku, ƙaton nan mai farar hula, ya wanke hannu yana jira. A tsaye kuma ga surukina, da zani a ɗaure a ƙugu, yana raba faranti.

Mai gadi ya buɗe murfi. Kowa ya leƙa.

"Yau kaɗan ne," in ji wani masunci.

"Alhamdulillahi," in ji Selemani, har da ajiyar zuciya. "To don Allah ku taimaka kamar kullum, kar a bar ko ɓarɓashi."

Ban san sanda na fito ba.

"Kar a bar me?"

Farantin hannunsa ya faɗi a yashi. Na yaye mayafi. Yaron nan ya durƙusa a wurin kamar an sare shi.

"Mama! Ina kwana, Mama. An tashi lafiya, Mama?"

"Ban tashi lafiya ba. Su wane ne waɗannan?"

"Masu... masu taimako ne."

Sai ga Zuwena ta fito daga ɗaki da lallenta da ƙamshinta, ta yi kyau har na kusa manta faɗan da na zo yi. Ta gan ni, ta ga mijinta a ƙasa, ta ga tebur, sai ta zauna a kan matakala ta kama ciki. Dariya take har ba sauti.

"Ke, tashi ki yi min bayani!"

"Na faɗa masa, Mama, wallahi sau goma na faɗa masa! Na ce ka bar loma ɗaya a gefe. In na ware, ina shiga wanka sai ya cinye ya wanke tire!"

"Mama, a yi min afuwa," in ji Selemani, kai a ƙasa. "Mu a Kondoa, abincin surukai ba a mayar da ragowarsa. Ko ƙwaya ɗaya ka bari, ka ce bai yi daɗi ba ke nan. Ran da zan taho sai da uwata ta riƙe kunnena a kan wannan. Ranar farko ni kaɗai na ƙarasa shi. Da la'asar kasa ruku'u na yi, a zaune na yi salla."

"A zaune, Mama!" in ji Zuwena tana share hawaye. "Yana nishi kamar mai naƙuda!"

"Washegari na ga an ninka. Na ce gwada ni ake yi. Sai na roƙi mai gadi da kuku da Baba. Da aka sake ƙarawa na roƙi masu shara. Jiya sai da na je har bakin ruwa na kira masunta."

"Ke kuma da kika ga ana ninkawa, ba ki yi tunanin daga ina yake fitowa ba?"

"Na ɗauka kina da wani ƙullin a ɓoye. Ai kullum kina da shi."

Na kwance bakin zanina a gaban kowa, na karkaɗe shi. "Ga ƙullin. Wake takwas na zo da su na kwana bakwai. Sun ƙare jiya. Wainar nan sha biyu ita ce ƙarshen abin da na mallaka a tsibirin nan."

Dariyar Zuwena ta tsaya cak. Ta san lissafin, tana wurin aka yi shi.

Baba Pandu ya ajiye wainar da ya riga ya kai baki. "Tsaya, baiwar Allah. Ke ce uwar amarya? Wannan abincin fungate ne muke ci?"

"Shi ne."

"La'ilaha illallahu. Malam, ka ce mana abinci ne ya yi maka yawa!"

"Ai ya yi min yawa, Baba."

"Kwana uku na amarya muka cinye! Ni da gemuna!" Ya juya kan kuku. "Kai kuma ko kunya, mai dafa abinci guda kana bin layi?"

"Baba, ka ɗanɗana pilau ɗin nan fa, kai ma sau biyu ka ƙara."

Turawan suna ta kallonmu suna murmushi, ba su san me ake ciki ba, matar ma har ta tafa. Sai mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, masunta suka ja ragarsu, masu shara suka bi ta baya. Na ce a raina, ka ga mutane, an ci an watse. Na ce da yaran su koma ɗaki su cinye wainarsu, ni ban gan su ba, su ma ba su gan ni ba. Na koma gidan Mwatima na zauna kusa da murhu mai sanyi. Na ba ta labari, ta yi dariya har ta faɗo daga kan turmi, sannan ta zo ta zauna kusa da ni.

Ana kiran azahar muka ji sallama. Mai gadi ne da tirena a ka, ya ɗora masa kwakwa shida. Bayansa masunci da kifi biyu, kowanne ya kai tsawon hannuna, yana cewa na gobe ma yana nan tafe. Masu shara da gawayi a kwando. Kuku da rabin buhun shinkafa a kafaɗa, da galan ɗin mai. Baba Pandu na ƙarshe da sandarsa.

"Kwana uku ba a ɗora tukunyar ma'aikata a gidana ba," ya ce. "Wannan shinkafar da ba mu dafa ba ce. Taki ce, ba kyauta ba ce, kar ki yi min godiya."

Kuku ya matso ya rage murya. "Mama, kirfar nan, kafin albasa kike sa ta ko bayan?"

"Zo gobe ka goga min kwakwa, sai ka gani da idonka."

Har Turawan sun aiko. Abarba ɗaya da wani man shafawa na rana. Mwatima ta shafe shi a ƙafa, ta ce maganin kaushi ne.

Dafa wa mutum biyu ya fi dafa wa ashirin wuya, ranar na sani. Mwatima ta tsaya a kaina, duk na kai gwangwani buhu sai ta buge min hannu. Ran na biyar tire ya dawo da ragowa, ran na shida ma haka, amma na san hannun 'yata, ita ta ware, ƙila ma zama ta yi a kan murfin.

Ran na bakwai na yi pilau. Da yamma Mwatima ta shigo da tire tana tafe tana tangaɗi don dariya, ta kasa magana, ta dai ajiye min a gaba.

Na buɗe. Ga loma ɗaya ta shinkafa a tsakiya, an gyara ta kusurwa huɗu kamar da abin awo, da 'yar tsokar kaza a kai. Kewaye da ita kuwa, ko'ina an wanke tas, an goge, yana ƙyalli. Mai gadi ya ce malam ya fi rabin awa yana wanke gefen da ɗan tsumma don kar ya taɓa ta, kuma sau biyu yana biyo shi ƙofa kamar zai karɓe.

Na ce bismillah na cinye lomar. Sannan na ƙirga a yatsu, don wake ya ƙare. Bakwai.

"Tashi," in ji Mwatima, "ruwa ya dawo. Kwana bakwai kina tsibiri ko ƙafa ba ki tsoma ba."

Muka tattare zannuwa muka shiga har gwiwa. Ɗumi gare shi kamar ruwan wankan jego. Wata igiyar ruwa ta zo ta buge ni na zauna daɓas, da mayafi da komai, ina ihu ina salati, Mwatima na ja na tana cewa in tashi kar surukina ya hango ya zo ya shanye tekun don kunya.